Ƙarshen Littafin da Na Ɓoye wa Baba

Shekarun baya, lokacin da na gama jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa a gidanmu da ke Doka, idon mahaifina ya yi rauni ƙwarai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin gwamnati, kullum da jarida a hammata, sai ga shi ko manyan kanun labarai ba ya iya gani. Ya daina fita majalisar ƙofar gida, ya daina tsokanar mahaifiyata. Daga masallaci sai kujerar falo, da rediyo a cinya.

Wata rana da la'asar ina kwance a kan kafet ina karanta littafin wata marubuciya 'yar Afirka da sunanta ya zaga duniya, sai dariya ta ƙwace mini. Baba ya juyo ya ce, "Uwata, me kike ci ke kaɗai?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce littafi ne, Baba. Ya ce to in karanta masa, amma da Hausa, don shi Turancin ofis ya sani, kuma Umma ma ta samu ta ji.

Haka na zama tafinta ba shiri. Labarin wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne a wani ƙaramin gari, yana raba wa jama'a wasiƙunsu, shi kuwa yana jiran ta ɗansa da ya tafi Turai karatu ya ƙi dawowa. Mu ma yayana yana can shekara shida, kuma shi da Baba sun daɗe ba su yi doguwar magana ba, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara kira. Babu wanda ya taɓa furta kamannin nan a falonmu, amma kowa ya gan shi.

Kafin mako ya zagayo mun samu ƙarin mai sauraro, abokin Baba, wani tsohon direba Bakatsine da ke zuwa a babur tun daga Hayin Banki. Shi ba ya iya sauraro shiru. Da ɗan ma'aikacin gidan wayar ya yi wani sakarci sai ya buga cinya ya ce, "Mi ke damun yaron nan ne? Wallahi da ni na haife shi!" Ni kuma in na iso inda ake soyayya sai in ce, "Sai suka gaisa," in yi gaba abina. Rannan Baba ya ce, "Uwata, shafi uku na ji kin juya a gaisuwa ɗaya. Mutanen garin nan akwai zumunci." Na rasa inda zan sa kaina, Umma kuwa dariya har da riƙe ciki.

Da muka kusa ƙarshe sai na leƙa gaba ni kaɗai, abin da na gani ya tsinka mini zuciya. Tsohon ya rasu saura kwana biyu ɗan ya iso. Na dubi Baba, wanda ya fara dariya bayan watanni, na ce ba da bakina ba. Ranar babin ƙarshe na riƙe littafin ina juya shafi, ina zuba nawa labarin: ɗa ya sauka a tasha, tsoho ya rungume shi, gari ya ɗauki murna. Abokin Baba ya yi kabbara, Umma ta ce alhamdulillahi, Baba ya share ido da hannun riga. Ni kuwa har wani alfahari na ji, na ce ashe ni ma marubuciya ce.

Ba a jima ba aka ce littafin ya shiga jerin 'yan ƙalilan da ke takarar wata babbar kyauta a ƙasar waje. Baba ya sa na binciko masa duk karramawar da matar ta taɓa samu, digirorin girmamawa daga jami'o'i, lambobin yabo na gida da na waje, ya haddace su tsaf. Kuma a kan wannan ne ya koma majalisa! Ya fita da sandarsa yana yi wa tsofaffin unguwa kamfe kamar za su jefa ƙuri'a. "Littafinmu" yake ce masa. Wani ya tambaye shi ko marubuciyar 'yar'uwarsa ce, ya ce, "Wadda ta zauna a falona wata biyu ai ta wuce baƙuwa."

Safiyar da sakamako ya fito ina kicin ina dama koko, sai na ji ihu. "Uwata! Mun ci! Wallahi mun ci!" Na fito da ludayi a hannu na tarar da Baba tsaye tsakiyar falo, ba sanda, ya ɗaga rediyo sama kamar kofin ƙwallo. Ya yi karo da tebur bai ma ji ba. Umma ta fito a guje ta ɗauka fansho aka ƙara. Da ta ji zancen ta ce, "Malam, kai da ko alƙalami ba ka ara mata ba?" Ya ce a bar shi, yau ranarsa ce. Ni ma tsalle nake, na ƙona kokon ƙurmus.

Da yamma ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kawo tsire da lemo, majalisa ta cika. Abokinsa ya iso yana danna hon tun daga kan kwana. An ce gidan rediyo zai yi shiri na musamman a kan littafin, don haka Baba ya ƙure muryar rediyon, ya sa ni zama daga bakin zaure, wai tafinta ma ta sha yabo. Mai gabatarwa ya jero kyaututtukan marubuciyar, Baba yana riga shi faɗa, jama'a na dariya. Can sai baƙon shirin ya ce abin da ya fi taɓa mutane shi ne yadda tsohon ya mutu bai ga ɗansa ba.

Abokin Baba ya tsaya da tsinken tsire a baki ya ce, "Wane tsoho? Namu?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya juyo da fuskarsa daidai inda nake ya ce, "Jama'a, a ci nama kada ya huce."

Washegari da la'asar ya ce in ɗauko littafin. "Babin ƙarshe. Na marubuciyar nake so, ba na Uwata ba." Na karanta shi yadda yake, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Na karanta inda ɗan ya iso ya tarar da kujerar uban da tarin wasiƙun da tsohon ya rubuta masa bai taɓa aikawa ba. Umma ta tashi ta shige ɗaki. Baba ya ce, "Wannan ne ya ci kyauta. Naki ko na goma ba zai zo ba." Na fashe da dariya ina hawaye. Sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Nemo mini yayanki." Sun fi awa guda suna magana, kuma da babbar sallah ta zagayo tare muka yi ta da shi.

Na daɗe ina tunanin abin nan. A zatona tausayi na yi wa Baba, alhali raina shi na yi, na yanke masa abin da zai iya ɗauka ba tare da na tambaye shi ba. Ƙarshen da na ƙirƙira ya faranta masa rai na yini ɗaya. Na gaskiyan, mai ɗacin, shi ya sa ya ɗauki waya.

Shi ya sa bayan shekara guda, da likita ya ja ni gefe ya ce idon ba zai dawo ba, yana ganin a bi Baba a hankali, ban jira mun isa gida ba. A cikin mota na faɗa masa komai yadda aka faɗa mini. Ya jinjina kai, ya yi hamdala, ya ce wa direba ya biya da mu kantin littattafai.

"Ki zaɓo mai kauri, Uwata," ya ce. "Tunda aikin ya zama naki na dindindin."