Littafin da Dada Ke Buɗewa ta Baya

Kakarmu ba ta da mace a Hausarta. Fillanci ne harshenta, Hausa kuwa a kasuwa da bakin surukai ta tsince ta, shi ya sa a wurinta kowa "shi" ne, har uwar da ta haife ta. Dada 'ya'yanta ke ce mata, mu jikoki muka ɗauka. In an idar da sallar isha'i a gidanmu na unguwar Adarawo a Yola, sai ta jawo kaskon wuta ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, ta gyara zama ta ce, "Ga shi nan, ga shi nanku." Ni da yayana Buba mu amsa da tsokana, "Ya zo mu ji shi." Ba ta taɓa gane dariyar me muke yi ba, ko kuma ta gane ta ƙyale mu. Dada ba a cika sanin cikinta ba.

A lokacin gidan ya fara yin fili. 'Ya'yanta maza uku ne. Bappa Hamman aiki ya kai shi Kaduna, Bappa Sali ya shiga soja da aka fara yaƙin basasa, sai babanmu kaɗai ya rage, akawu a ofishin gona a Jimeta, kullum yana kan keke tsakanin can da Yola. Shi ne wata rana ya dawo mini da littafi daga kanti, shekarar da aka sa ni makaranta. Hotuna ne manya masu launi, da ɗan layin Turanci a ƙasan kowane, wanda a wurina bai fi sawun kaza ba.

Da dare na kai wa Dada ta gani. Ta goge hannu a zani, ta yi bisimilla, ta buɗe shi ta dama kamar yadda take buɗe Alƙur'aninta, don ba ta san wani littafi ba bayan shi. Na ga Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai kuma ya rufe, ya ɗauki butarsa ya wuce zaure. Dada ta kusanto da takardar wurin wuta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan ai shamuwa ce, ruwan nan kuma tafkinmu na Njuwa ne, har ma ta gane tsamiyar.

Ga yadda tatsuniyar take a bakinta. Wata tsohuwar shamuwa ce zaune ita kaɗai a sheƙa, ba ɗa ba jika, tana kallon sama. Ana nan sai ga ɗigo can nesa. Ashe ɗanta ne na fari ya dawo. Ka juya shafi, ga na biyu ya sauka. Na ukun ya fi daɗewa, don hanya ta ɓace masa, amma shi ma ya iso. Abin mamakin, tun da suka shigo sheƙar suka yi ta ƙanƙancewa, gashinsu ya koma laushi, suka buɗe baki tana ba su kifi. Da Buba ya ce ai tsuntsu ba ya raguwa, ta ce duk girman ɗa, in ya shiga ɗakin uwarsa ƙarami ne. A shafin ƙarshe sun zama ƙwai uku, ta rufe su da fiffike, sanyi bai ƙara taɓa su ba.

Na so tatsuniyar nan fiye da su Gizo da Ƙoƙi, kuma Dada ta fi ni sonta. Tsohuwa mai furfura, in ka shiga ɗakinta da rana sai ka tarar ta sa littafin yara a cinya tana bin bakin shamuwa da yatsa. Maƙwabta in sun shigo su yi ta dariya, wai Dada ta shiga boko da tsufa. Ta ce su bar ta, ido ba ya tsufa da kallon abu mai kyau.

Sai da na kai aji uku Turanci ya fara kama bakina. Wata rana na zauna gindin dalbejiya, na buɗe littafin ta hagu kamar yadda aka koya mana, na karanta. Ƙwai uku ne a farko. Suka ƙyanƙyashe, suka girma, suka koyi tashi, sannan ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Shafin da Dada ke farawa da shi, tsohuwa ita kaɗai tana kallon sama, ashe shi ne ƙarshen labari. Na yi kuka sosai, ban gaya wa kowa dalili ba.

A makonnin nan ne aka yi wa Baba canjin aiki zuwa Maiduguri, inda hedikwatar jiha take. An yi an yi Dada ta bi mu, ta ce ita ba inda za ta, ƙafarta ba ta san hanyar Barno ba. Ni kuwa abu ɗaya na sa a gaba: kada ta san ainihin littafin nan kafin mu tafi. Tsoron da nake ji Buba ne, wanda ya riga ni iya karatu, don shi in ya san abu sai ya amayar da shi hankalinsa ke kwanciya. Na ba shi rabona na gyaɗa har na gaji don ya kama bakinsa.

Daren da za mu tashi washegari, an ɗaure kaya a tsakar gida, Dada ta ɗauko littafin. Ta kai wurin da na ukun ya sauka, sai Buba ya kasa haƙuri. Ya ce, "Dada, kin juya shi. Ta nan ake farawa. Ba dawowa suke yi ba, tafiya suke yi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dada ta tona gyaɗa ɗaya daga toka, ta ɓare ta ba shi, sannan ta ce, "Buba, ka ɗauka ban sani ba? Na yi kiwon kaji tun ba a haifi ubanka ba, ban ga ɗan tsako ya koma cikin ƙwai ba." Ta shafa takardar. "Ta hagu tafiya ne. Tafiya kam na gani da idona, ba sai an zana mini ba. Ni ta dama nake so." Ta juyo gare ni ta ce, "Asta, ka bar mini tsuntsun nan."

Na bar mata. Mun dawo Yola bayan da aka raba jihar, amma Dada ba ta jira mu ba, ta rasu da damina kafin nan. Bappa Sali ma bai dawo daga yaƙi ba. Na sami littafin ƙarƙashin matashinta. Bangon gaba fes yake kamar jiya aka saya, na baya kuwa ya yi baƙi, gefensa ya cinye da yatsanta.

Na daɗe ina ɗauka cewa Dada rarrashin kanta take yi da ƙarya. Sai da nawa 'ya'yan suka girma, wannan Kano, wancan Legas, autar kuma inda sai an hau jirgi, sannan na gane ba ƙarya take yi ba, addu'a ce take yi da hotuna. Yanzu ni ce tsohuwar da ke shiga shagon littattafai a Jimeta tana zaɓen masu launi, ina cewa na jikoki ne, mai shagon yana murmushi don ya san ba su cika zuwa ba.

Da hutun bana an kawo mini ɗaya daga cikinsu, yarinya mai baki kamar Buba. Na ɗauko littafin Dada, na yi bisimilla na buɗe. Ta leƙo ta ce, "Kaka, kin juya shi."

Na ce, "Na sani. Matso kusa, yanzu za su dawo."