Mesar Yaya da Ruwan Jego

Wasu yayyen idan za su yi tafiya, agogo suke bar wa ƙannensu, ko tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Ni nawa yayan, da aka tura shi bautar ƙasa, mesa ya bar min.

Ƙarama ce, ba irin wadda ake cewa ta haɗiye akuya ba. A gonar abokinsa wajen Zugurma ya tsince ta, ranar da aka cinna wa daji wuta, ta naɗe kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. Da yake karatun dabbobi ya yi, sai ya ga baƙuwa ce ta zo. Ya haɗa mata akwatin katako mai murfin raga a ɗakin ajiya na bayan gida, ya shekara biyu yana kai mata ɓera. Maƙwabta suka rage shigo mana aron turmi, Mama kuma ta ce wannan ne amfani na farko da ta gani a bokonsa.

Ranar tafiya ya rubuto min dokoki a takarda. Na karanta sau ɗaya, na yaba kyan rubutunsa, na adana ta cikin wani littafin waƙoƙi don kada ta ɓace. Har yau ba ta ɓace ba. Ni ce dai ban san wane littafi ba ne.

Da na leƙa akwatin, sai tausayi ya kama ni. Ga ruɓaɓɓun ganyaye masu danshi, ga wani kututture mai kaushi, ga ƙaton faranti cike da ruwa da take kwanciya a ciki. Na ce lallai maza ba su iya riƙon gida ba. Ni da aka rene ni a kan shara kafin rana ta fito, na kwashe komai na zubar. Na shimfiɗa mata ragowar atamfa mai santsi, na sa mata ruwa a ɗan kofin shayi, na ja akwatin kusa da taga don ta sha iska. A watan Maris fa, lokacin da zafin Kontagora ke busar da wanki tun kafin ki gama shanya. Har turaren wuta na taɓa yi mata. Ban taɓa ganin halittar da aka gatanta kamar ta ba.

Bayan kwanaki idanunta suka yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Na zauna na rubuta baiti huɗu a kan wata da ya shiga gajimare. Ashe saɓa za ta yi, wato tuɓe tsohuwar fata. Maciji mai lafiya a lokaci guda yake fita daga tasa, ya bar ta kamar safa. Tawa kuwa sai ta fara fita guntu-guntu. Wata ta maƙale a baya, wata ta rufe ido ɗaya, wata ta zagaye ƙarshen wutsiya ta ɗaure tamau kamar zobe a kumburarren yatsa.

Na kira Yaya.

"Auta, ganyen da ke ciki yana da danshi kuwa?"

Na kalli atamfar da na shimfiɗa a akwatin.

"Kututturen fa? A jikinsa take gogawa."

"Yaya, na ɗan gyara mata ɗaki ne."

Ya yi salati sau biyu, na biyun a hankali. Sannan ya ce idan zoben nan ya daɗe zai tsayar da jini, wutsiyar ta mutu, wanda ke kan idon kuma yana iya lalata idon. In sa ta a ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda bai kai ya rufe bayanta ba, ta yi rabin awa, sannan in bar ta ta ratsa cikin jiƙaƙƙen tawul. "Kada ki ja komai. Idon kuwa ko da wasa kada ki taɓa. Amana na ba ki, Auta."

A makon nan Gwaggo, yayar babanmu, tana gidan. Daga Rijau ta zo yi wa matar ɗan'uwanmu wankan jego, aikin da ba a taɓa ba wata a danginmu ba. Kalma biyu ta tsinta a wayar, "ruwa" da "fata", suka ishe ta. Kafin in nemo baho ta ɗora tukunya a murhu, ta karyo ganyen darbejiya.

"Matar yayanki ce ba lafiya? Kawo ta," in ji Gwaggo, don haka take kiran mesar.

"Gwaggo, ai ba haihuwa ta yi ba."

"Wadda ta fita daga jikinta ta shiga sabo, me ya rage? Ke dai 'yar boko, baki kamar rediyo, hannu kamar na jariri. Mata nawa na wanke a dangin nan? Kin taɓa jin wadda fatarta ta maƙale?"

Gaskiya ban taɓa ji ba, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi.

Jarumtar Gwaggo ba ta kai ƙofar ɗakin ajiya ba. Can nesa ta kifa turmi ta zauna, tana ba da umarni da muciya. Na shiga na ɗauko mesar, ta naɗe a hannuna tana fitar da harshe. Da na fito, bahon da na cika da ruwan ɗumi yana ta tururi, ganye na yawo a kai.

Gwaggo ta ce, "Na gyara miki shi. Wancan ko ƙuda ba zai ji ba. In an gama a shafe ta da man kaɗanya."

Na tsoma gwiwar hannuna, na zare ba shiri. Fatar wurin ta yi ja nan take. Mace mai jego tana iya ihu, tana iya zagin mijinta, tana iya tashi ta gudu. Wannan kuwa ko murya ba ta da ita, kuma jikinta zafin wurin da aka ajiye ta yake ɗauka. Da ta shiga, da dahuwa za ta yi.

Tun da aka haife ni ban taɓa musa wa Gwaggo ba. Babanmu ma, da furfurarsa, "to Yaya" kawai ya iya. Na tsaya da maciji a hannu, amma ba macijin nake tsoro ba.

"A'a, Gwaggo."

Mama, wadda ke tsince shinkafa, ta ga wata tsakuwa mai ban sha'awa ta ƙura mata ido.

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. Ki yi haƙuri. Zai kashe ta."

"Lallai an yi karatu. To likita, bismilla. Mu jahilai bari mu kalla."

Na tuntsurar da bahon da ƙafa, na ɗauraye shi, na ɗebo ruwan randa na sirka da ɗan na tukunya har ya zama gwiwar hannuna ba ta jin zafi ba ta jin sanyi. Na sa ta a ciki. Ta saki jiki a hankali, ta ɗora haɓarta a bakin baho kamar mai jiran a kawo mata shayi. Bayan rabin awa na naɗe ta a jiƙaƙƙen tawul. Tana ratsawa, tsohuwar fatar na saluɓowa kamar ɓawon albasa, sabuwar na fitowa da ruwan zuma da baƙi, tana sheƙi. Na so in rubuta wani abu, amma na tuna inda baitocina suka kai mu.

Kwana uku muna haka. Gwaggo ba ta yi min magana ba, sai dai kullum turmin yana matsowa taku ɗaya. A rana ta uku murfin idon ya fito da kansa a jikin tawul, ɗan mitsitsi kamar ɓawon kifi. Idon ya fito baƙi wuluk, ya kalle ni ba tare da wata godiya ba. Gwaggo ta leƙo ta saman kafaɗata ta ce, "Da ruwana ne, kwana ɗaya."

Zoben wutsiya shi ya zo ƙarshe. Na murza shi a hankali da jiƙaƙƙen yatsa har ya zame. Abin da ke ƙarƙashinsa ya riga ya yi baƙi ya bushe, bai fi tsawon ƙwayar wake ba. Bayan mako guda na tsince shi a cikin akwatin.

Na yi kwana biyu ina tsara yadda zan faɗa wa Yaya, da jimloli masu taushi. Da ya ɗaga wayar duk suka watse.

"Idon ya tsira. Wutsiyar ta guntule kaɗan. Ni na jawo."

Sai ya fara jero tambayoyi.

"Wurin ya warke?"

"Ya bushe, babu ruwa."

"Ta ci abinci?"

"Jiya ta haɗiye ɓera guda."

"To," in ji shi. "Ki ɗauko min hoton wutsiyar. Daga yau kuma duk Juma'a ki turo min hoton akwatin, ciki da waje."