Na Raka Bashir Tailan Neman Gidan Dambe

Talata: tashi daga Greensboro

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Malam Idi ya tsaya da motarsa a ƙofar gidanmu, can bayan Gate City Boulevard. Maƙwabcina ne, mutumin Maraɗi, shi ya ɗauki nauyin kai mu filin jirgin Raleigh. Matata Hajiya Rabi ta biyo mu har bakin mota ta cusa min kwalbar yaji a jaka, wai kada abincin can ya yi min salam.

Bari in faɗi abin da ya tashe ni. Ɗanmu na fari, Bashir, shekararsa ashirin da biyu, ya gama jami'a. Ashe shekara huɗu ke nan yana zuwa wani gidan horo kusa da Glenwood yana koyon damben Tailan, wanda ake yi da hannu da ƙafa da gwiwa, ni kuwa ina zaton laburare yake zuwa. Rannan ya zaunar da ni ya ce zai tafi Tailan shekara guda ya koyi abin a tushensa. Na ce masa, “A gidanmu ba a dambe.” Aka yi wata biyu ba ma ga-maciji. Daga baya muka shirya a kan sharaɗi: ya ware gidajen horo uku, in je da ƙafata in yi bincike kamar na neman aure. In na yarda da ɗaya ya zauna, in ban yarda ba mu dawo tare, maganar ta mutu.

Gaskiya ɗaya ce, tun kafin in sayi tikiti na ƙudura zan ƙi duka ukun. Hajiya ta gane. Ta sunkuyo ta taga ta ce, “Alhaji, in ka dawo da shi dole, gangar jikinsa kawai za ka dawo min da ita.”

Awa ɗaya muka yi zuwa Raleigh, a can muka yi asuba. Jirgi ya tashi bakwai da rabi zuwa New York, daga nan awa goma sha biyu zuwa Doha, sai wasu bakwai zuwa Bangkok. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Laraba da Alhamis: Bangkok

Mun sauka da magariba. Jami'ar shige da fice ta dubi fasfo, ta ɗauki hoton yatsunmu, ta tambayi abin da ya kawo mu. Bashir ya ce dambe. Ta dube shi ta yi murmushi, ta dube ni da furfurata ta ce, “Har da Baba?” Na karɓi fasfona na wuce.

Muna shiga tasi na ga direba ya hau hannun hagu yana sheƙa gudu. Na damƙe kujera na ce, “Innalillahi! Bashir, gaya masa ya koma hannunsa!” Yaron ya yi ta dariya, wai haka suke tuƙi. A masauki kuma na duba alƙibla a waya, sai ta nuna min yamma. Na girgiza wayar, na kashe na kunna, tana nan a yamma. Shekara hamsin da takwas ina kallon gabas, ran nan na ba gabas baya na yi sallah.

Washegari ƙarfe shida muka hau keke mai ƙafa uku irin a-daidaita-sahu, bat ɗari da hamsin, kuɗinsu ke nan, zuwa gida na farko. Tun daga ƙofa na ji wani “fau! fau!” kamar ana sara itace. Ashe mutane ne ke dukan buhu da ƙwauri. Wani siririn saurayi ya ɗirka wa abokinsa gwiwar hannu a goshi, jini ya ɓalle, aka goge aka ci gaba kamar ba a yi komai ba. Sai kuma na hangi wani ɗan ƙaramin ɗaki a kan ginshiƙi kamar na tsafi, an jera masa furanni da kwalaben jan lemo. Kafin a fara gwaji 'yan damben suka durƙusa a tsakar fili suka kai goshi ƙasa sau uku.

“Wannan fa?” na tambaya.

“Gaisuwa ce ga malamansu da iyayensu, Baba,” in ji Bashir da Turanci. Hausa yana ji sarai, amsawa ce sai ya ga dama.

“Goshin da na kai ka masallaci da shi? Ɗauko jakarka.”

Da rana muka sami wata Musulma mai sayar da shinkafa da kaza, bat sittin faranti. Loma biyu na yi hawaye suka zubo, hanci ya biyo baya. Yajin Hajiya bai ga rana ba har na baro ƙasar.

Juma'a: Phuket

Jirgin safe zuwa tsibirin Phuket, awa ɗaya da rabi. Gida na biyu a kan wani titi yake, wanda tun daga farkonsa har ƙarshe gidajen dambe ne da shagunan zanen jiki. Akwai tafkin wanka, akwai sanyin na'ura, Turawa maza da mata suna yawo da abin da ba za a kira tufafi ba. Na rasa inda zan ajiye idona. Manajan ya tarbe mu da fara'a, ya dubi ƙirjin Bashir ya ce, “Sati biyu kawai, zan sama masa wasa a gaban 'yan kallo.”

“Sati biyu? Ka ga dambensa ne?”

“Ba komai, Baba, baƙi suna jan jama'a.”

Tirƙashi! Ko sa aka kai mahauta ai sai an duba haƙorinsa. A nan ban sha wahala ba, Bashir da kansa ya ce mu tafi. Muka sami Juma'a a wani masallaci cike maƙil, abin da ban taɓa zato ba a wannan ƙasa. A raina na ce saura ɗaya.

Asabar: hanyar Krabi

Ƙarfe bakwai muka shiga ƙaramar bas, bat ɗari uku kowa. A bakin gadar fita tsibirin 'yan sanda suka leƙo, suka dubi fuskoki, suka ɗaga hannu. Awa uku muna ratsa gonakin roba da wasu duwatsu tsaye cak kamar an dasa su. Daga tasha wata a-kori-kura mai benci biyu ta kai mu ƙauyen da gida na uku yake, kilomita ashirin.

Gida na uku rumfar kwano ce kawai. Fili ɗaya, buhuna shida duk faci, kaji na kiwo a ƙarƙashi. Mai gidan dattijo ne gajere, hancinsa a baje, kansa da farar hula. Abdullahi sunansa, amma Bang Lo ake ce masa. Ya yi min sallama cikakkiya, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Matarsa ta kawo shayi da wata gurasa mai mai. 'Yarsa, malamar makaranta, ita ta yi mana tafinta.

Na shiga neman aibu. Abinci? Yankan Musulmi. Masallaci? Ga shi can, taku ɗari. Kai goshi ƙasa? Ya ce yaransa addu'a suke yi a tsaye, su zaga fili su gaida malami, goshi na Allah ne. Yaushe Bashir zai yi wasa? Ya sa shi ya doki buhu minti uku, ya girgiza kai ya ce, “Wata shida. Ƙafarsa ta hagu barci take.” Wallahi raina ya ɓaci, don na rasa abin kamawa.

Sai na ga wata takarda manne a bango, sunayen 'yan wasan gidan da rubutun boko. Mutum takwas, kowa sunansa ya ƙare da Sit Bang Lo. Na ce, “Ikon Allah, duk 'ya'yansa ne?”

Malamar ta ce a'a, ko ɗaya. Al'adar damben ƙasar ce, duk wanda gida ya karɓa yakan ajiye sunan mahaifinsa in zai shiga fili, ya ɗauki na gidan. Sit Bang Lo na nufin ɗalibin Bang Lo.

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Ranar da aka haifi yaron nan, sai da na yi rigima da ma'aikaciyar asibiti a Greensboro kafin ta rubuta Bashir Sani, sunana na yanka, yadda ake yi a gida. Na juya wajen Bashir na ce, “Ka san da wannan?”

Ya sunkuyar da kai. “Na sani, Baba.”

“To ka ji da kyau. Ban haife ka don wani ya goge sunana ya rubuta nasa ba. Jibi za mu koma.”

Bai yi musu ba. Ya ce, “To, Baba,” da Hausa. Ya fita bayan rumfa ya zauna a kan taya. Na sami abin da na zo nema, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba.

Lahadi: abin da ya tona ni

A ɗakin baƙi na gidan muka kwana, tabarma da fanka. Da safe Bang Lo ya ce ko ba komai a bar yaron ya yi gwaji sau ɗaya kafin ya tafi. Aka haɗa shi da wani baƙin saurayi mai suna Dawud. Na tsaya a bakin igiya, fuska a murtuke.

Dawud ya kawo ƙafa, Bashir ya tare. Ya sake kawowa, Bashir ya goce. Can na ga Dawud yana sauke hannun hagu duk lokacin da zai yi shuri. Ban san sa'ad da na daka tsawa ba: “Ga ƙofa nan! Shiga da dama! Kashe shi!”

Aka tsaya cak, kowa ya juyo. Na dubi kaina. Hannuna na hagu a miƙe, tafi a buɗe, na dama a dunƙule can baya wajen ƙugu, ƙafa a ware. Tsayuwar dambe ke nan, wadda na yi shekara arba'in ban yi ba.

Bang Lo ya tako a hankali, ya kama hannuna na dama, ya ture hannun riga, ya shafa tsagar da ke jere a damtsena. Ya yi magana, 'yarsa ta fassara: “Ya ce wane ne malaminka?”

Bashir ya ce, “Ba dambe ba ne, maganin ƙuruciya ne aka yi masa.” Haka na gaya masa tun yana ƙarami.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zauna a bakin fili na faɗa musu. Mu mahauta ne, kaka da kakanni. Ubana ɗan dambe ne, da kaka in an yi girbi gari-gari ake zuwa ɗaukarsa, kalangu na tashi mata na guɗa. Shi ya fara naɗa min zare a hannu, shi ya yi min tsagar nan ta maganin dambe. Da na shiga makarantar kwana yara suka dame ni da ɗan mahauci, sai na rubuta sunan garinmu a madadin nasa, na zama Sani Kaura. Da na zo Amurka kuma na ce wa jama'a fataucin shanu yake yi.

Bang Lo ya ce, “Da wane suna yake shiga fili?”

Na faɗa masa sunan. Shagon Na-Maƙera. Wato yaron Na-Maƙera, maigidansa da ya koya masa. Haka damben Hausa yake, da sunan ubangidanka ake kiranka. Har ubana ya rasu da wannan suna aka san shi, kuma ban taɓa jin kakana ya ce an goge shi ba. Alfahari ma yake yi.

Bashir ya cire safar dambe ya durƙusa a gabana. Idonsa ya yi ja. “Baba, mene ne sunansa na gaskiya?”

Shekara ashirin da biyu, ɗana bai san sunan kakansa ba. Kuma ni ne na zo har Tailan ina faɗa a kan suna. Kunya ta rufe ni, na ce, “Haruna.”

Na tashi na kama hannunsa na sa a na Bang Lo, na ce wa malamar, “Gaya masa amana ce. In ya yi ƙiwa a hora shi, in ya bar sallah a kira ni.” Na dafa kan Bashir na sa masa albarka. Kwalbar yajin ma na bar masa.

Talata: gida

Litinin na kamo hanya ni kaɗai, Krabi zuwa Bangkok, Doha, New York. Ƙarfe biyar na yammacin Talata Malam Idi ya ɗauke ni a Raleigh, shida da kwata muna ƙofar gida. Hajiya ta leƙa bayan mota ta ga ba kowa, ta ɗaga hannu sama ta ce, “Alhamdu lillahi.”

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Malam Idi, da Bang Lo da iyalinsa da suka karɓe mu ba su san mu ba. Mai niyyar kai ɗansa, shawarata ya je da ƙafarsa, kuma ya fi amincewa da gidan da bai yi saurin sa yaro a fili ba.

Bayan wata bakwai, muna karin kumallo, saƙo ya shigo wayata. Hoton takardar wasa ne da rubutunsu mai lanƙwasa, an ja layi a ƙarƙashin suna ɗaya. Ashe sunan farko ma ɗan wasa yana iya zaɓa. Bashir ya rubuta min da Hausarsa mai tuntuɓe: “Baba, ranar Asabar za a kira Haruna Sit Bang Lo.”

Shekara talatin ubana yana dambe, ba a taɓa kiran Haruna a fili ba. Na miƙa wa Hajiya wayar, don ni hawaye sun hana ni ganin rubutun.