Kabo da Ambaliyar Hindawiyya

Mutanen unguwar Jarwal sun san Kabo a matsayin sagga, wato mai kai ruwa gida-gida. Gajere ne mai faffaɗan ƙirji, kafaɗarsa ta hagu a karkace, kullum da garwa biyu rataye a sanda. Kaɗan ne a Makka suka san cewa a zamaninsa, daga Yawuri har Busa, babu mai tuƙa kwalekwale kamarsa.

A wani ƙauyen masunta a bakin kogin Kwara aka haife shi. Ƙasa da ƙauyen akwai inda kogin ke matsewa tsakanin duwatsu, ruwan na tafasa fari fat, ana ce wa wurin Maƙoshin Kada. Kowace shekara, in an gama yankan shinkafa, sai a kakkafa gorori a tsakanin duwatsun, a ɗaura wa kowace jan ƙyalle. Masu tsere bibbiyu suke shiga jirgi. Su bi ta daman wannan gora, su bi ta hagun waccan, wata ma sai sun juyo sun hau ruwa kafin su zagaye ta. Wanda jirginsa ya taɓa gora ya faɗi. Kabo ne a baya riƙe da filafili, ƙanensa Salihu a gaba. Tun da suka fara shiga ba a ƙara jin sunan kowa ba. Kabo na karanta ruwa kamar allo. Salihu kuwa ba ya ko waiwaye, da numfashin wansa yake gane inda za a karkata. Makaɗa suka yi musu take, aka naɗa Kabo sarkin tsere tun bai yi gemu ba.

Akwai wani Garba, dogo mai wushirya, surukin mai gari, wanda shekara da shekaru shi ke zuwa na biyu. A tseren ƙarshe da 'yan'uwan suka shiga, gorar da ke bakin maƙoshin ba ta inda aka saba kafa ta. An matsar da ita har kan wani dutse da ruwa ya rufe. Kabo ya lura, amma ruwa ya riga ya ɗauke su. Jirgin ya dare biyu. Aka tsamo Kabo da karyayyar kafaɗa. Gawar Salihu sai washegari aka same ta a cikin ciyawa. Garba, wanda ya sauko a bayansu, ya kauce wa dutsen tun daga nesa kamar wanda aka raɗa wa.

Wani tsohon masunci ya zo duba Kabo, ya rantse cewa da sassafe ya ga Garba yana tumɓuke gorar. Aka kai magana gaban mai gari, mai gari ya ce ƙaddara ce, kowa ya yi haƙuri. Kafin kafaɗar Kabo ta haɗe, Garba ya sayar da jiragensa ya ce ya tafi aikin hajji.

Kabo ya bi shi a ƙasa. Ya ratsa Borno da Cadi, ya yi noman auduga a Sudan, ya yi fito a kogin Nilu har ya sami abin da zai biya jirgin ruwa ya ƙetara zuwa Jidda. Duk zangon da ya sauka tambayarsa ɗaya ce: ko wani dogo mai wushirya, mutumin Yawuri, ya wuce ta nan? A 1961 ya shigo Makka. Ya yi hajjinsa, alhazai suka watse, shi ya zauna ba takarda kamar sauran Takari da yawa, wato mutanen ƙasashenmu da suka zauna a can. Ya zaɓi ɗaukar ruwa ne domin sagga na shiga kowane lungu, kuma ba mai kallon fuskarsa. A Jarwal ya auri Zinariya, wata bazawara haifaffiyar Makka, mai sayar da gyaɗa da ɗanwake a bakin titi, wadda Hausarta rabi Larabci ce.

A unguwar Hindawiyya ya sami Garba. Garba ya yi ƙiba, ya gina gida a can cikin kwari inda yake saukar da alhazai, yana zama a gahawa, wato shagon shan shayi, da farar jallabiya yana ba da labarin yadda ya zama sarkin tseren Kwara. Kabo ya tsaya da garwarsa ya saurari labarin har ƙarshe. Ko sau ɗaya Garba bai ambaci Salihu ba.

Da ya koma gida sai ya ɗauko wuƙa ya hau wasawa. Zinariya ta tsaya a kansa.

"Malam, wa za a yanka?"

Ya gaya mata komai, abin da bai taɓa yi ba.

Ta ce, "A garin nan ko tattabara ba a kashewa. Ka zubar da jini a ƙasar Harami, su sare kanka a bainar jama'a, can kuma wuta na jiranka. Salihun naka me ya samu?"

Ya ajiye wuƙar, amma ba don ya huce ba. Daga ranar, kullum bayan La'asar, sai ya zo ya zauna a kan dutse daura da ƙofar Garba, ya ajiye garwa, ya riƙa rera taken da makaɗa ke yi wa Salihu. Ba ya ɗaga murya. Ranar farko Garba ya leƙo, suka haɗa ido, ya koma ciki. Ya aiko a ba Kabo riga da abinci, Kabo ya zuba wa karnuka abincin ya bar rigar a ƙasa. Da Garba ya ga haka sai ya tsegunta wa jami'an fasfo cewa ga wani ba shi da takardar zama. Aka kama Kabo aka kai shi Jidda, saura kaɗan a sa shi a jirgi, sai shugaban masu ɗaukar ruwa ya tsaya masa aka sake shi. Washegarin dawowarsa, bayan La'asar, yana kan dutsensa.

Haka aka shafe shekaru. Garba ya daina zama a gahawa da yamma, ya rame, yana fita ta ƙofar baya. Mutanen unguwa suka ɗauka saggan taɓaɓɓe ne. Sai a 1968 labari ya iso cewa an datse Kwara a Kainji, ruwa ya haɗiye Maƙoshin Kada da ƙauyensu, har da maƙabartar da Salihu yake. Tsohon masuncin da ya ba da shaida ma ya rasu. Kabo ya ƙi cin abinci. Ya ce wa Zinariya, "Yanzu duk duniya ni kaɗai na san abin da aka yi. Ni da shi."

A farkon 1969, cikin sanyi, alhazai sun fara shigowa, aka wayi gari da hadari baƙi ƙirin. Da hantsi ruwa ya kece kamar an yage sama. Duwatsun Makka ba sa shan ruwa, duk abin da ya zuba gangarowa yake yi cikin lunguna. Kabo yana gidan burodin wani abokinsa Yunus, a saman Hindawiyya, ya kawo ruwan kwaɓi. Kafin ya juye garwa ta biyu lungun da ke ƙasa ya zama kogi, ja wur, yana tafe da ƙofofi da tabarmi da jaki ƙafafu a sama. A can cikin kwari ruwa ya kai tagogin gidan Garba. Mutanen gidan sun hau soro suna kururuwa: tsofaffin alhazai, da 'yar Garba mai suna Hure goye da jaririnta, da shi kansa Garba. Katangar gidan ta laka da dutse ce, ana gani tana zubewa kaɗan-kaɗan.

Maza suka taru a matakalar wani masallaci da ke kan tudu suna jefa igiya, ba ta kaiwa. Kabo ya daɗe yana kallon ruwan. Ya ga inda yake karo da turken lantarki ya rabu biyu, ya ga wata tasi da ta kife, ya ga inda ruwan ke juyowa ya kwanta a bayan kusurwar gidan.

Ya ce, "Yunus, kife min kwamin nan."

Kwamin katako ne da ake kwaɓa fulawa a ciki, ya fi tsawon mutum. Suka zubar da ƙullun. Kabo ya ɗauki doguwar matsama mai faɗin baki, wadda ake zaro burodi da ita daga tanda, ya durƙusa cikin kwamin, ya ce a tura.

Waɗanda suka gani sun daɗe suna ba da labari. Ruwa ya fizge shi, ya nufi turken kamar zai fashe a jikinsa, sai ya soka matsamar ya murɗa ƙugu, kwamin ya goge ta gefe bai taɓa ba. Ya bi ta bayan tasin, ya faɗa inda ruwa ya kwanta, ya tsaya cak a ƙarƙashin soron. Ya ce a fara sauko da mai jariri. Ya ƙetare da Hure zuwa matakalar masallaci, maza suka ja kwamin ta gefen tudu suka mayar da shi sama, ya sake gangarowa. Ɗaya bayan ɗaya ya kwashe su. Akwai wata tsohuwa Bazazzagiya da ta ƙanƙame masa wuya har suka kusa kifewa. Kafaɗarsa na ƙara kamar busasshen icce, bai tsaya ba. Duk zuwan da ya yi Garba na miƙo ƙafa, shi kuwa sai ya nuna wani da matsama.

Daga ƙarshe saura Garba kaɗai. Kabo ya kawo kwamin ƙarƙashinsa, ya riƙe shi nesa da katanga kaɗan, inda ƙafa ba za ta kai ba.

Garba ya ce, "Kabo, don girman Ɗakin Allah."

"Ashe ka san sunana. To ga jama'a na ji. Faɗa musu wa ya tumɓuke gora a Maƙoshin Kada."

"Katangar nan za ta tafi!"

"Faɗi sunan yaron da ya mutu."

Garba ya dubi matakalar masallacin. Duk waɗanda ya shekara yana ba labari a gahawa suna tsaye a wurin, ga 'yarsa a gaba. Ya ce, "Ban san abin da kake faɗa ba. Ƙaddara ce."

Kabo ya ce, "To ai kai ne sarkin tsere. Wannan ɗan ruwan bai fi ƙarfinka ba."

Ya doki katangar da matsama, kwamin ya fita. Ya ƙetare shi kaɗai, ya hau matakala ya zauna, ya ɗora matsamar a cinya. Jama'a suka yi masa caa, masu roƙo da Hausa, masu zagi da Larabci. Hure ta faɗi ta kama ƙafarsa tana cewa, "Baba, ka ji tsoron Allah, baba!" Yunus ya girgiza shi. Kabo bai ɗauke idonsa daga soron ba. Wani saurayi ya gwada shiga kwamin, nan take ya kife, da ƙyar aka jawo shi.

Soron ya rufta kowa na gani. Ruwa ya tafi da Garba, ya maka shi da tasin, ya wuce da shi har sai da ya maƙale a ƙarfen wata taga a ƙasan lungu. Can aka ciro shi da rai, ƙugu da baya a karye. Bai ƙara takawa ba.

Unguwa ta rabu biyu a kan Kabo. Waɗanda ya tsamo suna sa masa albarka, tsohuwar nan ma har ta koma gida tana kiransa ɗanta. Wasu gidajen kuwa suka daina karɓar ruwansa, suka ce ba sa shan abin da hannun nan ya ɗauko. Liman ya kira shi ya ce barin rai ya halaka alhali kana iya cetonsa ɗan'uwan kisa ne. Kabo ya saurara a ladabce, ya ce, "Allah gafarta malam, na ba shi zaɓi. Salihu ba wanda ya ba shi." Zinariya ta yi makonni tana ajiye masa abinci ba magana. Ranar da ta buɗe baki cewa ta yi, "Da wuƙar ka yi ma ya fi sauƙi." Ya ce ai ita ta hana.

Garba ya yi wata da watanni a kwance, Hure na juya shi. Ana gab da azumi ya cika. Da safe Hure ta zo Jarwal ta sami Kabo yana cika garwa a famfon unguwa. Ba ta gaishe shi ba.

"Mahaifina ya rasu. Na zo ka ji daga bakina."

Kabo ya ce, "Ya faɗi wani abu kafin ya tafi?"

"Ya faɗa. Amma ba za ka taɓa ji ba. Ka cece ni da ɗana, na sani, kuma ban gode ba."

Ta juya ta tafi. Ya kira ta, ba ta waiwayo ba. Aka sallaci Garba a Harami bayan Azahar, Kabo bai je ba.

Ya ci gaba da ɗaukar ruwa har aka ja famfo cikin gidajen Jarwal sana'ar ta mutu, sai ya koma sayar da aswaki kusa da inda Zinariya ke kasa gyaɗarta. Bai sake shiga jirgi ba, bai kuma koma Yawuri ba. Sau da yawa ya aika a roƙi Hure ta gaya masa abin da uban ya ce. Ta koma unguwar Rusaifa da mijinta, ba ta taɓa ba da amsa ba.