Zakaran Suruki da Kajin Gwaggo Kulu

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Kulu, yayar mahaifinmu, wadda ta rene mu a Bagudo. Ba ta bar gona ba, kaji ta bari, irin jajayen nan masu jure damina. Farkon sanyin bana jikokinsu talatin da biyu ke kiwo a gidan ƙanena Sani. Su ne gadonta, su ne kuma abin da ke ci mini rai yau.

Ni dillalin kaji ne, daga Kaoje har kasuwannin bakin iyakar Binin, kuma a tsakar gidanta na koyi sana'ar. Gwaggo ba ta watsa dawa ta juya baya. Tsayawa take yi ta ga wadda ba ta rugo ba. Kazar da ta sauke fukafukai tana gyangyaɗi da rana, sai ƙarƙashin kwando, can bayan rumbu. In kashinta ya koma kore, wuya ya fara murɗewa, ba a kwana da ita: a yanka, a haƙa rami mai zurfi. Baƙuwar kaza kuwa, ko wa ya kawo ta, sai ta yi mako ita kaɗai. Na taɓa roƙon ta ta bar wata mai yawan ƙwai. Ta ce, "Ummaru, sabo da kaza ba ya hana yanka ta."

To bana surukin Sani ya ƙetaro daga Binin da kyautar zakara, aka sake shi cikin kaji nan take. Da na je, na tarar da shi a rakuɓe, zankonsa ya yi baƙi, yana numfashi baki buɗe.

Na ce, "Sani, zakaran ga ba shi kai jibi. Kawo wuƙa."

Ya ce, "Haba Yaya! Zakaran surukina? In ya zo ya tambaya, in ce mishi mi?"

Sai ya fasa kafso irin na mutane a ruwan shansu, ya ƙara barkono. Duka kajin suka sha kasko ɗaya da majinyacin. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Da ƙyar ya bar ni na kwashi biyar masu kuzari, na killace su a gidana.

Ina ma Gwaggo ta ga zamanin nan da kowa ya zama likitan kaji saboda kafso ya yi arha. Da ta ji ana kunyar zakara, na san ba za ta ɓata bakinta ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, ita kuma ba ta tambayar daga gonar wa ya fito.

Zakaran bai kai jibi ba, cutar kuma ta bi kajin Sani. Da surukin ya dawo, Sani ya sunkuyar da kai yana ba shi haƙuri. Dattijon ya riƙe baki: "Af! Ba ku ci shi ba? Ai don miya na kawo shi."

Ga lissafin: ashirin da bakwai a rami, da zakaran da ba wanda ya ci. Biyar sun rayu, ɗaya har ta hau ƙwai, kuma ƙa'idar Gwaggo ce ta tsirar da su. Allah ya jiƙan ta. Kwandonta yanzu yana bayan rumbuna.