Zanen da Iya ba ta bari a rufe

A gidanmu na Roni, in an sauke tukunyar miya Iya ba ta bari a kashe wuta. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye murhu, ta ce, "To ga ta nan tafe, mai kunne ya matso, mai surutu ya koma ɗakin uwarsa." Kakarmu ce ta wajen uba, mace mai ban dariya, amma wallahi ban taɓa ganin mai zargi irinta ba. Ko mai tallan manja ya gaishe ta sau biyu, sai ta ce akwai wata a ƙasa.

A shekarar da nake faɗa, autanta Baffa Isuhu ya samu aiki wajen wasu 'yan Sin masu fasa dutse a hanyar Kazaure. Ɗaya daga cikinsu ya ga yana da kai, ya fara koya masa rubutunsu, har ya ce in ya iya za su tafi da shi Legas. Da magariba Baffa zai tsuguna gefen murhu, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki kara. Akwai wani harafi mai kama da ɗaki a cikin ɗaki da yake yawan yi. Kullum hanya ɗaya: ya ja bangon hagu daga sama, ya ja rufi ya karyo shi ta dama, ya zana ƙaramin a ciki, sannan ya rufe ƙasa. In ya kuskura ya fara da wani layin, sai ya goge duka ya sake.

Wannan gogewar ce ta tsaya wa Iya a rai.

"Auta, in rubutu ne, me ya hana ka fara shi ta inda ka ga dama? Ba duk ɗaya zai fito ba?"

"Ƙa'idarsa ke nan, Iya. Malamin ya ce sai an shigar da na ciki ake rufe ƙofa."

"Kun ji ko! A shigar da mutum a rufe. Abin da in an kuskure sai an koma farko, ai aikin boka ne."

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Iya, alwala fa?" Ranar ban ci gyaɗa ba.

Sai ta gyara zama ta ba mu tatsuniyar wani baƙo da ya sauka gidan manomi mai ɗa guda. Bai roƙi komai ba, sai dai a bar shi ya yi zane a tsakar gida. Ya ja layi ɗaya, aka yi dariya. Washegari ya ƙara, har bango uku suka tashi. Sai ya ce wa yaron ya tsaya a tsakiya a ga ko ya yi daidai, ya ja na ƙarshe. Babu yaro, babu baƙo. Uwar ta yi ta tonon wurin har faratanta suka ƙare. "Ƙurunƙus," in ji Iya, idonta a kan Baffa, "wanda aka yi dominsa ya ji."

Daga nan duk sanda ya zo layin ƙarshe sai ta sa ƙafa ta murje. Mu ma tsoro ya shige mu, muka daina tsallaka wurin. Ta bincika matashinsa, ta zazzage aljihunsa, ƙarshe ta ce ya zaɓa, ko ita ko zanen. Wata safiya ya hau acaɓa da jaka ɗaya, ya bi 'yan Sin ɗin. Ko leƙowa ba ta yi ba, ta ce, "Ya je, sun riga sun rufe shi."

Amma tun daga ranar ta hana a sa sakata a ƙofar zaure. Matar da take zargin inuwarta! Babanmu ya yi faɗa, ya yi maganar ɓarayi, ita dai amsarta ɗaya: "Akwai wanda bai shigo ba." A haka ta rasu. Duk tsawon shekarun nan Baffa yana gaishe ta ta bakin Babanmu, ita tana cewa ta ji, taurin kansu iri ɗaya.

Baffa ya zo zaman makoki da furfura a gemu. Na tambaye shi ma'anar harafin nan, ya ce komowa. Ni kuma na gaya masa zancen sakata. Ya ɗauki kara ya ja bango, ya ja rufi, ya zana na ciki, sai hannunsa ya tsaya.

Da ina yarinya na ɗauka boka Iya take tsoro. Yanzu da nawa 'ya'yan suka fara tasowa na gane tsoronta kada a ɗauke mata ɗa ne, kuma ba ta yi ƙarya ba, rubutun ya ɗauke shi. Abin da ke sa ni hawaye shi ne ƙa'idar da ta tsine wa, babu wanda ya riƙe ta kamar ita. Har ta koma ga Allah ba ta yarda an rufe ƙofa ba, saboda na ciki yana waje.