Kamu Biyu na Zaren Kaset

Ni ɗan fari ne, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana. Haka al'adar take a ƙauyenmu na ƙasar Kano, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. "Kai" take ce mini, ko kuma ina tsaye a gabanta ta dubi ƙanwata ta ce, "Gaya wa wancan abincinsa na hucewa." Sau ɗaya tak bakinta ya suɓuce, kuma Allah ya sa rediyo tana ɗauka.

Ranar bikin ƙanwar tawa ce. An gayyato makaɗan da duk yankinmu ke ji da su: mai kukuma, masu kalangu biyu, mai ƙwarya da 'yan amshi. Mutanen nan ba su san waƙa mai farko da ƙarshe ba. In suka kama guda, sai su yi ta juya ta awa ɗaya, mai kukuma ya tafi wani wuri, masu kalangu su bi shi su dawo da shi, kuma gobe in ka ce su maimaita ba za ta fito haka ba. Ni na ari rediyon kawuna, na riƙe ta a ƙirji ina ɗauka. Kiɗa ya ɗebe ni ina ta ja da baya, ban san na kusa murhun da ake dafa shinkafar biki ba. Sai mahaifiyata ta ƙwalla kira da cikakken sunana, ta ce, "Wuta a bayanka!" Nan take ta toshe baki da mayafi, mata suka bushe da dariya suna tsokanarta. Duk wannan ya hau kan kaset, a gefe na biyu.

Shekara guda bayan haka na zo umra, na zarce ban koma gida ba. Na samu ɗinki a wani shago a unguwar Balad a nan Jidda, na kama ɗaki a unguwar Nuzla. Ina shekara ta biyar wani alhaji ya kawo mini labarin rasuwarta, wata uku bayan an binne ta. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, a lokacin, in na tafi ba dawowa, ga ƙannena na jiran abin da zan aika. Ban tafi ba. Har yau abin yana cina.

Kaset ɗin nan shi ne abin da ya rage mini nata. Ba hoto, don ba ta yarda a ɗauke ta ba.

A farkon shekarun casa'in mu shida ne muke haɗuwa duk Juma'a bayan la'asar, a ɗakin wani abokina mai gyaran rediyo. Mutumin Damagaram ne, akwai wasa tsakaninsu da mu Kanawa, don haka ban taɓa kiransa da komai ba sai Badamagare, shi kuma Bakano. Duk mu shidan masoyan makaɗan nan ne. Kowa na da kaset ɗinsa da aka ɗauka a wani biki ko wani suna, da kukan akuya da tarin tsofaffi a ciki. Sai a rufe taga saboda mai gidan, a rage murya, a ɗora shayi, a yi ta gardamar wace rana mai kukuma ya fi kai maƙura.

Nawa kowa ya yarda yana cikin na gaba. Amma gefe na farko kawai nake sa musu. In ya ƙare sai in zare abina in sa a aljihu.

"Bakano, juya mana shi mana," in ji Badamagare.

"Bayansa ya lalace."

"To ba ni in kwafe maka a sabo. Danshin garin nan ba ya barin zare."

Sau nawa ya faɗa, sau nawa na ce sai wani mako. In zai kwafa dole ya saurara, in ya saurara zai ji uwar mutum ta kira ɗan farinta a bainar jama'a. Ba na son ranar da ta ji kunya ta zama abin wasan Badamagare, ko da wasan ba na mugunta ba ne. Na zaɓi su ce ni marowaci ne, kuma sun faɗa.

Da aikin hajjin wata shekara ya zo, wani alhaji ya kawo mana sabon abu: makaɗanmu sun shiga situdiyo a Kano. Kaset ne a cikin leda, da hotonsu a jiki sun sha manyan riguna. Waƙa takwas, kowace minti biyar. An saka fiyano a ƙarƙashi, an ture mai ƙwarya can baya har ba a jin sa.

Muka saurara tiryan-tiryan. Da ya ƙare, wani direba a cikinmu, haifaffen Jidda, wanda rabin Hausarsa Larabci ne, ya fara magana.

"Wallahi hada nazif, tsaf yake. Yau ne na fara gane abin da mai kukumar nan yake cewa. Wannan zan iya sa wa 'ya'yana a mota."

Dattijon cikinmu ya girgiza kai ya ce, "Kafin kukumar ta yi zafi sun kashe ta. Kamar wanda ake jira a waje."

Badamagare kuwa ya riga ya mutu a kan sabon. Shi mai gyara ne, duk rayuwarsa yaƙi yake da ƙara. "Ku ji tsafta, jama'a. Ba akuya, ba mata, ba mai tari. Waƙa zalla. Shekara nawa muna sauraron kasuwa muna cewa kiɗa ne?"

Ni na san ina da zuciya, kuma kalmar "kasuwa" ta taɓa ni a inda bai sani ba.

Na ce, "An wanke waƙa har ta koɗe, kai kana murna. Ina ruwan Badamagare da kiɗa? Kunnenka na waya ne da batir."

"To Bakano, kawo hujja. Duk abin da ke cikin tsohon naka akwai shi a nan, har da ƙari."

Hujjar tana aljihuna. A gefe na biyu akwai wurin da mai kukuma ya rabu da kowa, ya yi kusan minti bakwai shi kaɗai kamar mai kuka, kiɗan da ya sa na manta da wuta a bayana. Kiran mahaifiyata yana biye da shi kai tsaye. Na ce a raina zan sa musu, in tsayar kafin a kai wurin. Don in ci gardama kawai na juya kaset ɗin.

Na kuma ci. Dattijo ya sunkuyar da kai, direba ya ajiye kofinsa. Ni ma kiɗan ya sake ɗebe ni kamar ranar farko, ban farga ba sai da na ji kalangu sun shigo. Na kai wa rediyon cafka na danne maɓalli da ƙarfi. Ta yi wani gurnani. Da Badamagare ya buɗe, zare ya nannaɗe a ciki, ya cukurkuɗe.

"Ya isa, kada ka ja," in ji shi. Ya riƙe mini hannu. "Bar mini shi. Wannan aikina ne."

Na bar masa. Da a ce a lokacin na ja shi gefe na faɗa masa magana ɗaya, da shi ke nan. Kunya ta hana ni, ga kuma girman kan wanda ya ci gardama yanzu-yanzu.

Juma'ar da ta biyo ya miƙo mini shi a cikin sabon gida, yana ta fara'a.

"Bakano, na yarda, ka kayar da ni a kan kukumar nan. Ko ɗigo ban taɓa maka ita ba. Inda ya tauna, kamar kamu biyu ne. Da zan iya miƙar da shi da biro, amma zai riƙa rawa. Na saurara, ba kiɗan kirki a wurin, surutun mata ne kawai da dariya. Sai na sa reza na cire, na haɗe da jan farce. Ba za ka ma gane wurin ba."

Na ce, "Ina guntun?"

"Wane guntu? An share shago tun Asabar."

Na yi masa godiya. Na tuna har hannu na ba shi. Na sha shayi kofi biyu, aka sake sa sabon kaset, aka ɗora gardama daga inda ta tsaya, ban ce komai ba, suka ɗauka jan aji nake. Da na fito ban nufi ɗakina ba. Na je bayan shagonsa na tona kwandon shara da hannuna, mutane na wucewa suna kallona. Motar shara ta riga ta zo sau biyu a makon.

Ban taɓa gaya masa ba. Mutumin kirki ne, da ya sani da bai ƙara samun sukuni ba, kuma laifin ba nasa ba ne. Mun ci gaba da zama har shekarar da aka kama shi ba takarda aka mayar da shi gida. Yana ganin sabon kaset ɗin nan ne ya sa na daina gardamar kiɗa.

Yanzu ina zaune a unguwar Safa, nan Jidda, wurin babbar 'yata. Uwarta haifaffiyar nan ce, tana kiran sunanta sau ashirin a wuni, ba wanda ya damu. Kaset ɗin yana nan, jikokina sun mayar mini da shi kan faifai. Kukuma ta gama kukanta, kalangu su shigo, sai a ji ɗan ƙas, sai 'yan amshi.

Na ji kiran nan ya fi a ƙirga, na ɗauka ya zauna mini a kai har abada. Kalmomin suna nan, dariyar matan ma ina iya jiyo ta. Amma duk lokacin da faifan ya kai wurin, na rufe ido na nemi yadda ta faɗi sunana, muryar kaina nake ji.